Ƙarafunan da Leandro Ya Aiko

Gallina, New Mexico
Ƙarshen Agusta

Ƙanena Leandro,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma gwiwar nan ta bar ka kana aiki. Mu nan da sauƙi. Mama tana nan yadda ka bar ta, sai dai ta ɗan ƙara ramewa, hannun da ake sa mata allurar wankin ƙoda kuma ya yi tabo har ba ta son a gani. Mijina Porfirio lafiyarsa lau, bakinsa ma lafiya lau. Ni kuwa ciwon bayan nan ne, ka san shi.

Na hau tudun da waya ke kamawa na kira ka, aka ce kana bakin aiki, sai na haƙura. Dama Mama ta fi son takarda. Takan sa in karanta mata, ta sa in maimaita, sannan ta cusa ƙarƙashin matashi.

Ruwan bana ya cinye mana hanya. Daga kwalta zuwa gida yanzu duwatsu ne tsirara, musamman a kwarin da ke ƙasan tsohon garken Baba. Sau uku a mako nake bin ta da Mama zuwa asibitin Española, kuma kullum sai na tarar da sabon dutse ya fito.

Ranar Litinin muna dawowa, Mama na kwance a kujera cikin bargo, ka san yadda sanyi ke kama ta bayan wanki, sai na ji gefen motar ya daki wani abu. Ƙarar har cikin haƙorana. Mama ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Ofelia, kin kashe wa yaron nan mota." Na sauka na durƙusa cikin taɓo na leƙa. Ƙasan ƙofar direba ya lotsa, fenti ya kware. Motar dai ta kawo mu gida.

A zuwanmu na gaba, wani mutum a wurin cajin motocin lantarki na asibiti ya ga lotsawar, ya ce mini batir ɗin yana nan daf da wurin, in dutse ya huda shi wuta ce. Gaskiya ne? Tun daga ranar nake bin kwarin nan kamar mai ɗauke da ƙwai a kai.

Porfirio cewa ya yi, "Dama na faɗa muku ba a-kori-kura ya sayo muku ba, firiji ne mai taya." Amma shi ne kullum yake goge ta, shi ne kuma yake jona ta a wuta da yamma.

Ba ƙorafi nake ba. Motar ta yi mana rana, Mama ba ta ƙara yin amai don warin fetur ba. Ka dai faɗa mini abin da zan yi.

Yayarka,
Ofelia


Sansanin ma'adinai, arewacin Alaska
Tsakiyar Satumba

Yaya Ofelia,

Na gaishe ki, na gai da Mama da kyau, da Porfirio. Takardarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan, in sanyi ya shigo takan tuna mini da kanta. Nan har ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu. Ki ce wa Mama ina cin abinci, ban rame ba.

Mutumin ya yi gaskiya, amma ya tsorata ki fiye da kima. Batir ɗin shimfiɗe yake a ƙasan motar kamar katifa, daga gaba har baya, yana da sulke a ƙarƙashinsa. Gefen ne ba shi da kariya sosai. Duka ɗaya ba komai. Dukan kullum ne ba na so.

Na saya mata ƙarafunan gefe, za a kawo. Guda biyu ne, dogaye, kamar bututu mai kauri. Ana ɗaure su a jikin ƙashin motar, ɗaya a kowane gefe, ƙarƙashin ƙofofi. In dutse ya taso, su zai samu, motar ta zame a kansu ta wuce. Mama ma za ta samu wurin taka ƙafa in za ta hau.

In sun iso a ajiye su a rumfa. Kada a taɓa sai na zo. Hutuna farkon Nuwamba ne, zan ɗaura su da hannuna. Ki faɗa wa Porfirio ba raini ba ne, na san ya fi ni daɗewa a ƙarƙashin mota. Amma wannan ta kusa ninka tsohuwar motar Baba a nauyi, kowane ƙarfe kuma ya kai maraƙi sabon haihuwa.

In taya ta yi faci kafin in zo, abu ɗaya za ki riƙe: ba a sa mata jak a ko'ina. Wurare huɗu ne kawai, akwai 'yan ramuka a ƙasa kusa da kowace taya. A ƙarƙashin kujerar baya akwai jaka mai faifan roba huɗu. A cusa faifan a ramin, sannan jak ya taɓa faifan. In jak ya taɓa wani wuri, batir ya taɓa.

An fara gasa barkono a can, ko? Jiya na yi mafarkin ƙamshinsa, na farka na tarar da mutumin da muke ɗaki ɗaya yana shanya safa a kan hita.

Ki yi haƙuri da hanya. Saura kaɗan.

Ƙaninki,
Leandro


Gallina
Farkon Oktoba

Leandro,

Gaisuwa. Muna lafiya, da sauƙi. Mama ta yi mura amma ta sake ta. Ta yi dariyar maganar safa har sai da tari ya kama ta.

Ƙarafunanka sun iso. Mai kawo kayan ya leƙa hanyarmu ya ce shi ba zai hau ba, ya sauke su a gidan maƙwabciyarmu Eloisa a bakin kwalta. Da ni da Porfirio muka loda su. Ka yi gaskiya a kan maraƙi.

An sake ruwa, na sake dukan dutse, wannan karon ɓangaren Mama. Da Porfirio ya gani sai ya ce shi ba zai zauna yana kallon ƙarafa a rumfa mota na cin duka ba. Na nuna masa inda ka ce kada a taɓa. Ya ce, "Shekara arba'in ina kwance injin tarakta, sai ƙanin matata ne zai koya mini ɗaure noti daga Alaska?" Na karanta masa maganar faifan roba, ya je ya ciro su, ya jujjuya, ya ce to wannan kam da hankali.

Na gaji da jan magana da shi. In an gama tara itace zai ɗaura. Don haka ba sai ka zo ba, mun iya da kanmu.

Wani abin dariya. Yanzu Mama ba ta iya hawa motar, Porfirio ne ke ɗaukarta ya sa ta a kujera. Shekaranjiya da ya ajiye ta sai ta shafa kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Leandro." Bai gyara mata ba. Ka ga ko ba ka nan, akwai Leandro a gidan.

Na rufe, hannuna duk barkono ne, kada ka taɓa ido bayan ka karanta.

Ofelia


Alaska
Tsakiyar Oktoba

Yaya,

Na gaishe ku. Ina lafiya. Na ji daɗi da murar Mama ta wuce.

Na karanta takardarki, na gane. Tunda ba sai na zo ba, kuma gidan bai rasa Leandro ba, na karɓi aikin wani da matarsa za ta haihu. Ina nan har Janairu. Na san shekara uku ke nan ku ke ɗauke da Mama, ni sai aike. Ban yi zaton abin ya kai a ce mini in yi zamana ba, amma ba laifi.

Tunda Porfirio zai ɗaura, ki karanta masa wannan daga farko har ƙarshe kafin ya taɓa komai. Ban rubuta a waccan ba don na ɗauka ni zan yi.

Kada ya yi a tsakar gida. Ƙasar wurin taushi gare ta, jak zai nutse ko ya karkace. A nemi daɓen siminti, shimfiɗaɗɗe.

Motar nan tana da rai ko a kashe take. Jakunkunan iska ne ke ɗauke da ita a kan tayoyinta, in ta ji gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo sai ta nemi daidaita kanta. A allon gaban direba akwai wurin da ake dannawa a ce mata za a canza taya. In an danna za ta ɗaga ta tsaya cak, ba ta ƙara motsi. Wannan shi ne farko. Bayan haka kada kowa ya buɗe ƙofa ko ya shiga.

A sa weji a tokare gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. Faifan roba a raminsa, jak a kan faifan. Jak ɗin gona na Porfirio ba zai yi ba, a aro babba na gareji.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. In ta tashi a tokare ta da ƙafafun ƙarfe waɗanda aka yi don nauyinta, a sauke nauyin a kansu, a girgiza ta a gani. Ba itace ba, ba bulo ba. Kafin haka ko hannu kada ya shiga ƙarƙashi.

Ƙarfen mutum biyu ke ɗaga shi. A sa duk notocin da hannu tukuna, sako-sako, sai kowanne ya shiga sannan a ɗaure, daga tsakiya zuwa baki. Ƙarfin ɗaurin yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin.

A gai da Mama.

Leandro


Gallina
Ƙarshen Oktoba

Leandro,

Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ka ba tun Satumba, ina fata lafiya. Eloisa ta ce ta ji a labarai iska ta hana jirage tashi a wajenku, wataƙila shi ne. Mama lafiya. Ni lafiya. Porfirio yana da rai, ka fara sanin wannan kafin ka karanta sauran.

Ranar Asabar da safe ya jawo motar gaban rumfa. Ya shimfiɗa katako, ya ɗora jak ɗinsa a kai, ya sa faifan roba daidai inda ka ce, har ya kira ni in shaida. Ya ɗaga ɓangaren direba, ya tura gungumen itace biyu a ƙarƙashi. Na taya shi ɗaga ƙarfen har ya kama shi da noti biyu, ya ce in tafi aikina, sauran nasa ne. Ya kwanta ya shige.

Ina wanki sai na tuna bargon Mama yana cikin mota. Na zagaya ɗaya ɓangaren na buɗe ƙofa. Fitilun ciki suka kama, na ji ta yi wani huci, irin wanda take yi kullum da safe. Sai na ga tana motsi a hankali. Katakon ya zame, jak ya kwanta, gungumen ya mirgina. Ta dawo kan tayoyinta da ƙarfi, ƙarfen da bai gama ɗauruwa ba ya sauko masa a kafaɗa da hannu.

Bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Ofelia, zo." Na zagayo na ga ƙafafunsa kawai. Na kama ƙarfen na ja, ko gezau. Ya ce, "Bar shi, ki ɗaga ta." Na ce da me, jak ɗin yana ƙarƙashi. Ya ce, "Abin da kike dannawa a kwari."

Na shiga na danna maɓallin da ke ƙara mata tsawo. Ka san yadda take tashi, a hankali kamar raƙumi. Ban taɓa jin haushin nawarta kamar ranar ba. Da ta kai ƙarshe na sauko na kama bel ɗinsa na jawo shi. Fuskarsa ta zama toka.

Ba zan iya barin Mama ita kaɗai ba, waya kuma ba ta kamawa. Na ɗaure ƙarfen da igiya don kada ya ja ƙasa, na kinkimi Mama na sa a gaba, ban san inda na samo ƙarfin ba, Porfirio ya kwanta a baya. A kwarin nan duk dutsen da muka taka sai na ji numfashinsa ya yanke. Mama tana ta addu'a da carbinta, shi kuma yana ce mata, "Ki yi wa motar, Mama, ita ta fi tsada."

Ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗa ya karye, da hannu ƙasan gwiwar hannu. An yi masa aiki an sa ƙarfe. Likita ya ce da kansa ne a wurin da kafaɗar take, da wani zancen ake. Mun dawo gida. Batir bai taɓu ba, na san za ka tambaya.

Ni na buɗe ƙofar. Ya ce kada in sake faɗin haka, shi ya sa itace. Mun bar maganar a nan.

Yaushe jirginka zai sauka? Ka faɗa mini ranar, in roƙi Eloisa ta ɗauko ka.

Ofelia


Gallina
Makon farko na Nuwamba

Leandro,

Gaisuwa. Hannun Porfirio yana warkewa, yana zaune yana ba kowa umarni. Mama tana nan. Ni ban san abin da zan ce a kan kaina ba.

Takardarka ta tsakiyar Oktoba ta zo, kwana biyu bayan na aika tawa. Na karanta ta a tsaye a gidan waya. Da na kai inda ka ce kada kowa ya buɗe ƙofa sai na nemi benci na zauna.

Sannan na koma farkon. Leandro, ƙarafa nake nufi. Cewa na yi ba sai ka zo don ɗaura ƙarafa ba, don kada ka kwashe hutunka a kwance a ƙarƙashin mota da wannan gwiwar. Wa zai ce maka kada ka zo gidan uwarka? Maganar Mama da Porfirio kuwa na rubuta ne don ka yi dariya, don ka san sunanka ne a bakinta. Na rubuta takardar nan ido na rufewa, ban sake karanta ta ba. Ko fushi ba ni da ƙarfin yi da kai.

Ban karanta wa Mama takardar yadda take ba. Na ce mata aiki ya riƙe ka. Ta ce in maimaita, na maimaita, ban faɗi daidai da na farko ba, ta dube ni.

Ƙarafan sun hau. Ni da Eloisa muka ɗaura, a rumfar motar kashe gobara ta gari, inda akwai siminti. Su suka ara mana babban jak da ƙafafun ƙarfe, da sifanar nan mai yin ƙas in noti ya kai. Eloisa ce ke riƙe da takardarka tana karantowa. Ta fara daga sama, kafin in hana ta ta kai tsakiya. Ta ce, "Wannan ƙanen naki fushi yake, ko haka yake rubutu?" Na ce ta tsallake zuwa wajen siminti.

Mun bi komai. Na danna, ta tashi ta tsaya. Mun sa weji. Da muka sauke ta a kan ƙafafun, Eloisa ta sa kafaɗa ta ingiza ta da duk jikinta, ka san jikin Eloisa, ko motsi. Duk da haka na daɗe a durƙushe kafin in iya kwanciya in shiga. Noti ɗaya ya ƙi shiga raminsa, sai da muka sassauta sauran duka muka sake. Mun fara da hantsi, muka gama rana ta yi sanyi. Ranar Litinin a kwari dutse ya taɓa, na ji motar ta zame a kansa ta wuce, yadda ka ce.

To ga yadda muke. Ni ke ɗaukar Mama in sa a mota, ni ke sauke ta. Ni ke sa wa Porfirio riga, ni ke faskare, ni ke ba dabbobi ruwa. Ranar Laraba na tsaya a mararrabar kwalta, Mama na barci, na rasa ko zuwa muke ko dawowa. Sai da na duba hannunta na ga sabuwar auduga sannan na san gida za mu. Ban faɗa wa kowa ba sai kai.

Ba roƙonka nake ba. Na san ka ba mutane alkawari. Na dai faɗa maka ne a fili, yadda ba za a karanta shi ta wata fuska ba.

Yayarka,
Ofelia


Gallina
Disamba

Yaya Ofelia,

Na gaishe ki, na gai da 'yarki Celestina da mijinta da yara. Ina fata kin isa Pueblo lafiya, kuma ciwon bayan ya fara saki. Nan duk lafiya. Mama ta ci kunun masara da safe, ta shanye. An cire wa Porfirio ɗinki. Gwiwata ba ta son faskare, amma ba a tambaye ta ba.

Da kike nan ba mu samu zama ba, ina sauka kina haɗa kaya, kuma gara haka, da kin tsaya da ba ki tafi ba. Kin tambaye ni wajen aiki ban ba ki amsa ba. Takardunki biyu rana ɗaya suka zo mini. Na samo wanda zai riƙe wa mijin mai jegon aikinsa, na je na ce zan tafi. Suka ce ba tabbas gurbina zai jira ni. Na ce na ji. In bazara ta yi ma gani.

Na kai motar rumfar gobara na shiga ƙarƙashi na bi notocinku ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ne kawai ya ɗan saki, a baya ɓangaren Mama, kuma haka suke yi bayan an yi tafiya. Porfirio ya bi ni, ya zauna a kujera da hannu a rataye yana cewa, "Ka girgiza ta tukuna. Ka sa weji? Ban ga weji ba." Na ce masa ai ni na rubuto. Ya ce shi kuma ya karanta da kafaɗarsa.

Ƙanƙara ta rufe duwatsun kwari, ba a ganinsu sai an ji su. Ƙarafan duk sun yi zane a ƙasa. Mama takan taka na ɓangarenta da ƙafa ɗaya in na ɗaga ta, ta ce tana taimaka mini. Wani lokaci ta kira ni Leandro, wani lokaci Porfirio, jiya kuma sunan Baba ta kira ni.

Ban san zaman jiran nan haka yake ba. Kujerun asibitin, da injin na juyawa, da dawowa da ita tana rawar sanyi ba ta magana. Mako biyu kawai na yi, ranar Juma'a na zauna cire takalmi a bakin gado, na farka da ɗaya a ƙafa.

Ma'aikaciyar da ke sa wa Mama allura, mai furfurar nan, ta tare ni a ƙofa. Ta ce tun da aka fara kawo Mama ba ta taɓa ganin ranar da ba ki zo ba, lafiya dai? Na ce mata kina Pueblo kina barci. Ta naɗe robar hannunta, sannan ta ce, "To, a bar ta."

Ƙaninki,
Leandro